Hoton Shanun Baffa

Yaya Haliru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da mutanen garinmu Fassi? Ni lafiya lau a Fatakwal, gadin ma na saba, sauro ne dai sai haƙuri.

Na ji baƙi sun zo gida karɓar shanun da suka saya ta waya. Yaya, ni na sa hoton shanun Baffa a Fesbuk, na zaci abokaina kaɗai ke gani. Wani ya ɗauka ya yi tallar ƙarya da shi. Allon makarantar garinmu ya fito a hoton, shi ya kai baƙin har gidanmu.

Baffa da ko maƙwabci ba ya faɗa wa yawan garkensa! Na goge hoton, amma na kasa kiransa. Ka ce masa ba alfahari na yi ba, kewar shanun nake yi.

Ƙaninka,
Lado