Na Koma Tsugunno, Yaya

Yaya Umaru,

Gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da kai. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Inna tana nan, ƙafar ce dai. Sojoji sun karɓi mulki, ana ta sallamar ma'aikata, gero ya yi tsadar da ba ka taɓa gani ba.

Ka tuna murnarka ranar da ƙungiyar agajin nan ta yarda ta ɗauki nauyin ajinka a Bodinga? Ka tara mu, magidanta marasa aiki, kana koya mana magana a gaban manya. Ka ce a ofis ba a tuɓe takalmi, ba a tsugunnawa, gaisuwa ɗaya ta isa, sai mutum ya dubi idon mai kujera ya faɗi buƙatarsa. Ni da harshena ke sarƙewa ko a gaban surukina, ka sa na iya. Burina bai wuce aikin masinja a sakatariya ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, sai ka danƙa ajin a hannun amininka Alhaji Sahabi. Yaya, me ka gani a jikinsa? Ba a yi sadakar arba'in ɗinka ba ya kwashe mu a bayan a-kori-kura, ya ɗaura mata lasifika. Bakin da ka gyara don neman abinci, da shi muka yi ta yabon jam'iyyarsa daga Sifawa har Kajiji. 'Yan agaji suka ji labari, suka janye hannunsu. An rufe ajin, bencinan suna zaurensa.

Ya ce aikin masinja nawa ne bayan zaɓe. Da na ji shiru, na je na same shi, na yi yadda ka koya mini. Na tsaya da takalmina, na dube shi, na faɗi abin da ya kawo ni, harshena bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Ya ce wa mutanensa karatunka ya ɓata ni, ba ni da ladabi. Ɗan ƙanwarsa aka ba aikin.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, har kai nake jin haushinka. Ka san shi tun kuna yara. Ka ba kura ajiyar nama, ka tafi abinka. Allah ya yafe mini, amma haka nake ji.

Yara ba su cin gaskiya, Yaya. Shekaranjiya na koma wurin Alhaji Sahabi. Na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na tsugunna, na sunkuyar da kai, na jera masa ranka shi daɗe har ya gaji. Ya ba ni gadin rumbun albasarsa.

Abin da ka hana mu, shi ya ba ni aiki. Gara da ba ka gani ba.

Allah ya kai haske kabarinka.

Ƙanenka Bello, mai gadi.