Akwatin da Takwararki Ta Zaɓa

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Ni ce, Binta autarki. Kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, to da baki nake faɗa, Malama Rabi maƙwabciyata tana rubutawa a wayarta. Ta ce za ta sa a shafinta mutane su karanta. Na ce su karanta, ni dai da ke nake.

Kin tafi ina da cikin wata bakwai, ba ki ga jikarki ba. Sunanki aka sa mata, muna ce mata Ummi. Shekararta ɗaya da rabi yanzu, ga goshi irin naki, ga rigima.

Inna, na daɗe ina jin tsoro ni kaɗai. A daminar nan an yi wata tsawa a Rurum, awakinmu har igiya suka tsinka, ni kaina sai da na yi salati da ƙarfi. Ummi tana zaune tana wasa da ludayi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Daga ranar nake lallaɓawa ta bayanta in buga murfin tukunya, in tafa hannu. Shiru. Sai in koma ɗaki in yi kukana in wanke fuska.

Surukinki yana nan da acaɓarsa, Rano zuwa Kibiya, Kibiya zuwa Rano. Kuma yana nan da jitar katakon nan da abokinsa Buzu mai gadi ya koya masa, wadda kike cewa garayar 'yan birni. Yanzu har biki ake kiran sa, amma da mata sun rangaɗa guɗa shi ke nan, sai dai a ga hannunsa yana motsi. Shi ne ya ƙwallafa rai a kan jita mai wuta, da akwatin da ke ɗaga mata murya. Su amfilifaya suke cewa, ni akwati nake cewa, harshena ya huta.

Ni fa na ɗauka wutar a cikin tsirkiyar take gudu. Na ce masa in dai ya kawo abin nan gidan nan, sai dai ya kaɗa da takalmin roba a ƙafa, ba zan yi takaba a kan waƙa ba. Ya yi dariya har ya faɗo daga kan benci.

Da na kasa riƙewa na gaya masa maganar Ummi, sai ya ce ashe shi ma yana danna mata hon ɗin babur a ɓoye. Muka shirya muka tafi asibiti a Kano. Likita ya ce kunnen hagu babu, na dama akwai ɗan saura, sauti mai kauri zai iya shiga, mu dawo a gwada mata abin sawa a kunne. Ni kalmar babu kaɗai na ji. Na goya Ummi muka fito.

Wai a nan mutumin nan ya ce tunda mun shigo birni mu leƙa Sabon Gari ya ga jita. Inna, na harare shi harara mai kyau. Amma ina zan tsaya ni kaɗai a Kano? Na gyara goyo na bi shi.

Mai shagon Ibo ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa. Abin da ke aljihunmu ɗan kuɗin gyaɗar bana ne, saboda haka ɓangaren na hannu ya kai mu. Surukinki ya tafi kai tsaye kan wata ja mai ƙyalli. Mai shago ya ɗaga ta, ya rufe ido ɗaya kamar maharbi, ya bi wuyanta da kallo, ya ce ta karkace kamar ƙotar fartanya, wata biyu za ta ishe shi. Ya zaro wata baƙa duk ta sha jiki, ya ce ya duba wuya, ya murɗa maɓallan ya ji ko suna ƙarar yashi, ya bi tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Na tuna yadda kike zaɓen ƙwarya a kasuwar Kibiya, ba ruwanki da zane, ƙwanƙwasawa kike yi.

Sai akwati. Nan ma ya nuna wani ƙato kamar rumbu. Mai shago ya tambaye shi ko wuta tana zama a garinmu. Duk shagon aka kwashe da dariya, har ni da nake fushi. Ya sauko da ƙanana guda biyu masu batir, waɗanda solar maƙwabta ma za ta cika su. Ɗaya muryarsa siririya, tana tsaga kunne. Ɗaya mai kauri, kamar bijimin sa yana ƙugi. Surukinki mai siririyar yake so, wai shi zai ƙure guɗa.

Ni na kwance Ummi ta huta. Ban ankara ba ta tafi ta dafa mai kaurin nan, ta jingina cikinta da kumatunta. Babanta ya taɓa babbar tsirkiya. Inna, yarinyar nan ta tsaya cak. Ta zaro ido. Ya sake taɓawa, sai ta ƙyalƙyale da dariya, tana dukan akwatin da hannu biyu. Aka mayar da ita kan ɗayan, ta ture shi ta koma nata.

Mai shago ya jona abin magana a rami na biyu na akwatin ya miƙo min, ya ce in kira ta. Na karɓa ina tsoron wutar, ina tsoron abin da ya fi wutar. Na ce Ummi, a hankali. Ba ta motsa ba. Ya ce in buɗe murya.

Kin sha ce min tsoro na daji, kunya na gida. To ni tsoron a gida ya same ni, kunyar kuma a tsakiyar kasuwa na yar da ita. 'Yar fari ce, kuma sunanki ne, tun da aka raɗa mata ban taɓa furta shi ba. Amma shi ne ya fito. Na ce Hauwa'u! Har masu wucewa suka waiga.

Ta juyo, Inna. Ta saki akwatin ta juyo, tana neman inda nake.

Ba a sake maganar guɗa ba. Mai kaurin muka ɗauko tare da baƙar jitar, ni na rungumo shi a mota har Rano, ni da na ce ba zai shigo min gida ba.

Malama Rabi ta ce wataƙila a jikinta ta ji, ba a kunne ba, likita ne zai raba gardama in mun koma. Gaskiya ne, kuma tsoron bai gama fita ba. Amma kullum da hantsi kafin babanta ya fita aiki, sai ta je ta haye akwatin ta zauna tana jira. Shi ya kaɗa, ni in kira. Yanzu mara kunyar Sabon Gari yake ce min, maƙwabta kuma duk sun haddace sunanki.

Ki yafe min wannan, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya buɗe wa takwararki abin da ya rage na kunnenta, Ya isar miki da kiran nan da nake yi da sunanki.

Taki har kullum,
Binta, uwar Hauwa'u.