Bayan Takardar Yaya

Litinin, 3 ga Maris
An raba sakamakon gwaji. Ni ce ta biyu a aji, babu darasin da na sauka ƙasa da saba'in da biyar. Mama ta ce, “Madalla, Auta,” ta ɗora takardar a kan firij. Shi ke nan fa. Ta Yaya kuwa rabin awa tana juya ta: casa'in da huɗu a tarihi, talatin da ɗaya a lissafi. Har da kiran Baba a waya yana wurin aiki. Yaya ya girme ni da shekara guda, ya maimaita aji har na tarar da shi, amma shi ake lallaɓawa kamar ƙwai. Wai ni ce auta.

Alhamis, 6 ga Maris
Mama da Yaya sun dawo daga wajen likita. Ashe abin da ke damun Yaya har suna gare shi, ADHD, irin wanda babu ƙiriniya a ciki. Yaro yana zaune shiru, hankalinsa ya sulale ya bar shi. Mama ta yi kuka, wai shekara nawa tana ce masa malalaci. Ta ba shi haƙuri. A gabana! Ni tunda nake a gidan nan ba a taɓa ba ni haƙurin komai ba.

Asabar, 8 ga Maris
An kafa masa farin allo a falo, da alƙaluma kala huɗu. Kullum da yamma Mama za ta zauna da shi minti ashirin-ashirin. Ni in yi nawa aikin a ɗaki, tunda ni ba ni da ciwo mai suna.

Talata, 11 ga Maris
Wasiƙa daga shugaban makaranta. In Yaya ya sake faɗuwa lissafi a jarrabawar ƙarshen zango, za su sallame shi. Ba a maimaita aji sau biyu.

Laraba, 19 ga Maris
Gwajin lissafi. A bayansa nake zama. Tun da saura minti ashirin ya ajiye biro, ya tallafe haɓa yana kallon masu fentin katanga ta taga. Na leƙa, sai na ga bai juya takardar ba. Tambaya huɗu ce a baya. Ko tari na yi da ya waiwayo. Ban yi ba. Na ce bari farin allo ya tuna masa.

Litinin, 24 ga Maris
Talatin da takwas ya samu. Duk na gaban ya ci su, bayan kuwa fari fat. Mama ta juyo kaina: “Ke ba ki gani ba?” Na ce aikina nake yi. Sai shi ya ce, “Mama, ƙyale ta, ai ba gadina aka ba ta ba.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Laraba, 26 ga Maris
Ban yi wa kowa magana ba yau. Babu wanda ya lura.

Lahadi, 30 ga Maris
Ina guga Yaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.
“Auta, wai ke in malam yana bayani, har ƙarshe kike ji?”
Na ce, “To da?”
Ya ce, “Kin more.”
Ya juya ya tafi, rigar da ya kawo in goge masa tana hannunsa. Ni ce na more? Abin yana ta yi min yawo a kai.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Babbar jarrabawar lissafi. Da safe Mama ta rubuta masa “juya takarda” a bayan hannu. Malamin da ke tsaron jarrabawa ya ga rubutu a fata, ko karantawa bai yi ba, ya ce ya je ya wanke tukuna.

Saura minti ashirin da biyar Yaya ya ajiye biro. Ya tallafe haɓa. Taga.

Na jira. Na ƙirga talatin. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

“Malam, akwai wasu tambayoyi ne a bayan takardar?” Da ƙarfi na faɗa.

“Ke? Ta biyun aji guda? Juya takarda ma sai an koya miki?”

Aji ya kwashe da dariya, har da wadda take zuwa ta ɗaya, ita ce ma ta fi kowa. A cikin dariyar na ji ƙarar takarda a gabana.

Da muka dawo ya ce wa Mama da kansa ya tuna ya juya takardar, kuma na ga alama ya yarda da hakan. Ta rungume shi. Ni ta ce in ɗora ruwan zafi.

Ba don shi na yi ba. Don kada a sallame shi gidan ya ƙara cika da maganarsa ne.

Ban gama tambaya ta takwas ba, ina ta leƙen ko har yanzu yana rubutu. Ta biyu kam bana ta tafi. Yana rubutu har aka karɓi takarda.