Takardun Banki a Jikin Ƙusa

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Ya shago, ya ciwon gwiwar?

Baba, Inna ta kira ni tana kuka. Ta ce wani mutum daga banki ya zo ya auna gidanmu, ya ce ranar ashirin da takwas ga wata za a yi gwanjonsa, saboda wata shida ba a biya bashin ginin ba. Ni 'yarka sai a bakin Inna zan ji? Akwai ofishin da ke taimaka wa masu gida su sasanta da banki, ko sisi ba sa karɓa. Ga adireshinsu a ƙasa. Don Allah ka je da duk takardun da banki ya aiko maka.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Auta

Auta,

Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Ki gaishe da maigidanki da yara.

Innarki dai bakinta ba ya riƙe magana. Gaskiya ne an zo awo. Mutumin ko riƙe tef bai iya ba, ya bar shi yana lilo, sai da na karɓa na auna masa falon da kaina. In za a sayar da gidana, a sayar da shi da awon gaskiya.

Tun da injin yankan katakona ya ƙone na koma zarto, shi ne abin ya ja baya. Takardunsu kuwa ban buɗe ko ɗaya ba. Na san abin da ke ciki, me zan karanta? Ambulan ɗinsu na da kauri, a bayansa nake rubuta awon aiki in soke a ƙusar bango. Shekara talatin ina kafinta, kowace ƙofa da taga ta gidan nan hannuna ne ya yi ta, ban taɓa zama a benci ina jiran a tausaya mini ba. Ba kuma da furfura zan fara ba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa, kuma ka gafarce ni in na yi rashin kunya. Kai da bakinka kake ce mana girman kai rawanin tsiya. Wannan ofishin ba sadaka suke rabawa ba, haƙƙinka za su nema maka. In aka sayar da gidan, Inna a titi za ta shimfiɗa tabarmarta? Kwana goma sha tara suka rage. Ka je, ko don ita.

'Yarka mai ƙaunarka, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, na je. Na zare takardun daga ƙusa na kai su da hujinsu.

Wata lauya na samu, sa'arki ce. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun wata huɗu da suka wuce banki ya rubuto cewa zai iya rage mini biyan wata in na nuna shaidar abin da nake samu. Kunya ta kama ni, sai na tsura wa ƙafar teburinta ido.

Ta ce, "Baba, kana da rasit na ayyukanka?"

Na ce, "'Yata, ni da masu ba ni aiki magana ce tsakaninmu. Ban taɓa rubuta wa kowa rasit ba."

Tana tattara ambulan ɗin sai ta juya ɗaya, ta ce, "Wannan fa? Tela, kanta biyu, ƙafa shida, ga kuɗi, ga rana."

Na ce, "Awona ne."

Ta juya sauran duka, ta ce, "Ai ga shaidar nan. Aiki ashirin da uku! Amma sai kowane mai aiki ya sa hannu cewa haka aka yi."

Nan gizo ke saƙar, Auta. Sa hannun nan yana nufin duk layinmu ya san ana bina bashi. Kwana biyu ina zagaya shago ban fita ba. Rana ta uku na saka rigar aikina na fara da tela. Na ce masa, "Banki zai karɓe gidana, sa hannunka nake so, ba kuɗinka ba." Ya ajiye almakashi ya sa. Haka na bi ƙofa goma sha ɗaya, don wasu aiki biyu ko uku na yi musu, kowa na faɗa masa da bakina, kaina a sama. Wani direban bas da na yi wa aiki ma shi ya kai ni wurin waɗanda ke nesa. Ba wanda ya yi mini kallon banza. Jiya lauyar ta miƙa wa banki, yanzu jira muke.

Ki sa mu a addu'a.
Babanki

Auta,

Ina gaishe ku. An janye gwanjon. Sun rage biyan wata, sun ƙara mini shekara huɗu, kuma zan biya da zartona in Allah ya yarda.

Innarki ta faɗa mini kun share mana ɗaki a gidanku a ɓoye, har da sabuwar katifa. Ki yi wa maigidanki godiya. Ku ba yara ɗakin, mu muna gidanmu.

Babanki