Jan Ruwan Gero

Unguwar Kanya, ta Tsanyawa
8 ga Afrilu, 1985

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zafin Dawanau? Mu dai muna nan, rumbunanmu har ɓeraye sun yi musu ƙaura.

Aishatu 'yar Yaya Iliyasu yau kwana huɗu tana kwance, amai da jijjiga, baki na kumfa. Shekaranjiya cikin zafin ciwo ta kira sunan Inna Yakaka sau biyu. Yarinyar da kullum tana gidan tsohuwar tana shan aduwa, wa ake so ta kira? Amma kafin la'asar magana ta gama gari, wai Yakaka mayya ce, ta kama kurwar yarinya.

Jiya aka shimfiɗa Aishatu a ƙofar gida, aka jawo Inna, aka fizge mata ɗankwali, aka ce ta tsallake yarinyar sau uku don ta saki kurwar. Mai shekara saba'in, ga ciwon gwiwa. Rabin waɗanda suka tsaya kallo ita ta yanke musu cibiya, amma sai jiya suka tuna Babarbariya ce, ba a san asalinta ba.

Ka sani, da Innarmu ta rasu ina wata uku, nonon matar nan na sha. Ka zo, kai suna jin maganarka.

Ƙanwarka,
Safiyatu


Dawanau, Kano
13 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban motar Tsanyawa. Allah Ya ba Aishatu lafiya, Ya sa kaffara ne.

Zuwa dai ba zai yiwu ba, Alhajin da nake wa aiki ba ya sakin kowa a wannan lokaci. Shawarata gare ki, ki kama bakinki. Kin san imanin mutanenmu cewa a nono ake shan maita. Idan aka tabbatar wa Yakaka, ke mece ce? Ke bazawara ce a gidan yayanki, kina jiran mai nema. Ki yi tunani.

Sannan ki tuna wa Yaya Iliyasu, rabin buhun geron da na aiko masa watan jiya na shuka ne. An cuɗe shi da jan magani saboda ƙwari, na kuma gaya masa baki da baki. Ko kaji kada a bari su kusance shi.

Ki gaida Sauda, Allah Ya ba ta haƙurin jinyar 'yarta.

Yayanki,
Badaru


Unguwar Kanya
22 ga Afrilu, 1985

Yaya Badaru,

Sallama. Aishatu ta rasu ranar Laraba da hantsi. Allah Ya sa mai ceto ce.

Ƙarshen takardarka sau uku na karanta. Geron nan mun cinye shi. Ranar da tukunya ta kwana biyu ba ta hau murhu ba, Yaya Iliyasu ya miƙo mini shi ya ce in wanke da kyau, bai ƙara komai ba. Ni na wanke, ni na surfa, ni na daka. Ruwan ya fito ja kamar an wanke nama, na gani da idona, na ce ƙasar wani gari ce, don yunwa ba ta bar ni na yi tambaya ba. Mu manya muka yi murɗar ciki muka tashi. Ita da yake ƙarama ce, ita muka riƙa tura wa kunun safe da yamma. Kajin Sauda da suka ci dusar duk sun mutu, su ma an ɗora wa Inna.

Na sami Yaya a gindin kanya yana gyara ƙotar fartanya. Na ce, "Yaya, geron Badaru ne." Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ajali ne." Na ce, "To Inna fa?" Ya ce, "So kike Sauda ta dubi fuskata ta ga wanda ya kashe mata 'ya? In kin buɗe baki, ki tuna hannun wa ya riƙe taɓarya." Ya ci gaba da fiƙe iccensa. Mutumin nan shi ke sahun gaba a masallaci.

An hana Inna ɗibar ruwa a rijiya, ni nake kai mata. Jiya ta dube ni ta ce, "Safiya, na ga jan ruwan yana fita ta magudanarku ran nan." Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa ranar da aka tsallakar da ke?" Ta ce, "In faɗa a ce wa ya wanke?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko mai gari zai zauna, kuma kowa ya san korarta za a yi. Ba ta da kowa, 'yarta ɗaya ce, ita ma ta daɗe da rasuwa. Ka rubuto layi biyu cewa geron mai magani ne, ka sa hannu. Maganar namiji daga birni ta fi tawa nauyi.

Safiyatu


Dawanau, Kano
24 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da na karanta takardarki ban ci abinci ba.

Amma ba zan iya rubutawa ba, kuma zan gaya miki dalili. Buhun nan Alhaji bai san ya fita daga sitonsa ba. Na ga ba ku da iri, na ga damina na matsowa, na ɗauka. Idan takarda mai sa hannuna ta shiga gaban mai gari, cikin mako za ta iso kasuwar nan, a kira ni ɓarawo, iyalina su rasa abin ci. Yaya kuma aurensa ya mutu, ke a ce kin ba yarinya guba. Mutum uku ke nan, da gidajensu.

Yakaka ta tsufa. Duk inda ta je Allah na nan, kuma za a sami mai ba ta loma. Aishatu ba za ta dawo ba ko me aka faɗa. Ki ƙona takardata ta farko don Allah.

Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Yayanki,
Badaru


Tashar Tsanyawa
27 ga Afrilu, 1985

Badaru,

Sallama. Takardunka na ƙone su, ka ci abincinka.

Jiya na je gaban mai gari da buhun, na juya cikinsa kowa ya ga jan. Ban ambaci sunanka ba. Na ce ni na wanke, ni na dama. Wani dattijo ya ce ai mayya tana iya mayar da gero ja. Mai gari ya juya ga Yaya ya ce, "Iliyasu, me ka sani?" Sauda na tsaye tana kallonsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri, nonon da ta sha ne ke magana."

Matan da ke kusa da ni suka janye 'ya'yansu.

An kori Inna. Yanzu ni da ita muna jiran motar da za ta kai mu Zakirai, an ce akwai 'yan uwan mijinta a can. Ƙullin kayanta na kaina, ita tana riƙe da hannuna saboda gwiwar. Sau biyu ta ce in koma gida, na ce ba ni da shi.

Kada ka ƙara aiko da takarda Unguwar Kanya da sunana. Idan an tambaye ka, ka ce kai nonon Innarmu ka sha.

Safiyatu 'yar Yakaka