Bangon Nan Baƙi Zai Zauna

Zuwa ga Yaya Rigzin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan zafin birnin Bangalo bai narkar da kai ba. Mu nan ƙalau muke. Dusar ƙanƙara ta toshe babbar hanyar mota mai zuwa wajenku tun watan jiya, yadda ta saba. Gwiwar mahaifiyarmu Ama ta yi sauƙi, kullum da safe sai ta kunna maka fitilar man shanu a ɗakin ibada, ta roƙa maka tsawon rai.

Saƙonka ya iso. Ka ce Kawu Funtsok ya faɗa maka ɗakin shukata ya mutu, don haka in bar masa ya zuba maruƙansa, ni kuma in taho birni in nemi aikin da ya dace da karatuna. Na gode da kulawa. Ba zan bar masa ba, kuma ga abin da bai faɗa maka ba.

Ka san ɗakin: rufin leda yana kallon kudu, bangon baya tubali jeri biyu ne, na cusa ƙaiƙayin sha'ir a tsakani don kada sanyi ya ratsa. Fuskar bangon ta ciki na shafe ta da baƙi, domin ta sha rana da yini, ta mayar wa shuka ɗumin bayan faɗuwar rana. Duk dabarar ke nan, shekara huɗu a jami'a. To, na tafi garin Leh kwana uku, ana shirin Losar, bikinmu na sabuwar shekara. Gwaggo Yangskit ta zo taya Ama shafen farar ƙasa, ta leƙa ɗakin, ta ga baƙin bango, ta ce sabuwar shekara ba za ta shigo gidan ɗan'uwanta ta tarar da wannan mugun abu ba. Ta shafe shi fari tas, har kusurwa. Aiki mai kyau, gaskiya, ban taɓa ganin hannu ya yi ɓarna da tsabta haka ba. Na dawo na samu layi biyu na alayyafo sun kwanta kamar an dafa su.

Da na yi magana, Gwaggo ta ce wai ni 'yar boko, an tura ni karatu na dawo ina bautar bango. Kawu ya ce tun kakanninmu busasshen ganye ake ci da sanyi kuma ba wanda ya mutu, wai ɗanyen ganye a wannan wata sai masu digiri. Na ce masa haka ne, Kawu, haƙoransu ne kawai suka zube. Ama ta ce in ji kunya, amma na ga tana danne dariya a kofin shayi.

Washegari na kankaro kunkunniyar murhu, na kwaɓa, na mayar da bangon yadda yake. Na bar wa Gwaggo farinta ta waje, sabuwar shekara ta gani ta ji daɗi. Sauran layi biyar sun farfaɗo. Jiya Ama ta ci ɗanyen ganye a miya, ta ce rabonta da shi a irin wannan lokaci tun tana zuwa asibiti a Jammu.

Kawu ya rantse ƙafarsa ba ta taɓa taka ɗakin ba. Sai dai kunkunniya ba ta kama bango sosai, tana bin duk wanda ya jingina. Kwana biyar ke nan yana yawo a gari da baƙin tambari a bayan rigarsa ta biki, daga kafaɗa har kugu, kuma ba wanda ya faɗa masa. Ashe ba maruƙa ne ke neman ɗumi ba.

Ka gaishe da Anti Diskit da yara. Ama da Gwaggo suna gaishe ka. In ka kira Kawu, ka ce masa ƙofa a buɗe take da hantsi, ya zo ya jingina, amma shi kaɗai, ban da maruƙa.

Ƙanwarka da ba ta tahowa,
Kunzes