Liƙin da Aka Yi wa Fa'iz a Lewisham

Plumstead, London.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Zuberu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Hanifa da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar taka? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu ma nan alhamdu lillahi. Sanyi ya fara shigowa, rana tana faɗuwa tun mutum bai gama la'asar da kyau ba. Abban Rayyan yana ta fama da aikin asibiti. Rayyan da Afrah sun koma makaranta, kuma har yanzu in na yi musu Hausa da Turanci suke ba ni amsa, sai dai in tuwo ake rabawa, nan kam Hausarsu takan fito tas.

Yaya, na saurari saƙon muryar da ka aiko. Na zaɓi in rubuto ne domin na san kaina, in na ji muryarka a waya ba na iya kai magana ƙarshe. Ka ce an turo maka bidiyon Fa'iz a kan dandamali riƙe da gita, wata dattijuwa tana liƙa masa kuɗi a goshi. Ka ce ba ka turo ɗanka London don ya zama maroƙi ba, kuma in ya zo hutun Disamba ba zai dawo ba. Ban ga laifinka ba, domin abin da aka nuna maka ke nan. Amma ina cikin ɗakin taron, ni ce ma na kama mana kujeru, don haka ka ba ni dama in faɗa maka abin da idona ya gani.

Sai na ɗan koma baya. A hunturun bara yaron nan ya tayar mini da hankali. Zai dawo daga jami'arsu ta Aldwych, ya shige ɗaki ya rufe, abincin da na ajiye masa in same shi yadda na bar shi. Ya hana ni faɗa muku don kada ku damu. Da na ga abin ba zai wuce da kansa ba, sai na fara jansa zuwa wata cibiyar matasa a Lewisham inda nake taimaka wa yara da aikin makaranta. Na ba shi 'yan aji guda yana koya musu lissafi. A can ya tsinci wata tsohuwar gita a jingine, ya fara taɓa ta bayan darasi. Sannu a hankali na ga ya fara cin abinci, ya fara tsokanar Rayyan, jarrabawarsa ma ta gyaru. Sallarsa kuwa bai taɓa wasa da ita ba, wannan zan iya tsaya masa ko a gaban waye.

Rufin cibiyar ne yake yoyo, shi ya sa aka shirya wasan don a tara abin gyara. Wadda ta zo ta yi waƙa, Madam Delphine, a unguwar ta girma, yanzu kuwa ta shahara, ƙasa-ƙasa ake gayyatarta. Tsohuwa ce mai dogara sanda, amma in ta buɗe baki sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Salon waƙarta shi ake kira blues. Asalinsa daga baƙaƙen fatar Amurka ne, waɗanda aka kwashi kakanninsu bauta, suna rera damuwarsu a gonakin auduga. Mawaƙi zai faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya ba kansa amsa. Wallahi Yaya, da na lumshe ido sai na tuna Inna a bakin dutsen niƙa tana waƙarta mai sa mutum kewar abin da bai san sunansa ba. Da yammacin Lahadi aka yi wasan, iyaye da yara a zaune, shayi da biskit kawai ake rabawa.

Kusa da ƙarshe Madam Delphine ta ce a kira mata yaron da ta ji yana kaɗa gita lokacin gwaji, wai hannunsa ba irin na mutanen nan ba ne. Fa'iz ya hau dandamali da gitar. Da ya fara, sai na gane abin da take nufi, domin kiɗan gurmi yake yi da gitar Turawa, ita kuma ta ɗora muryarta a kai kamar sun daɗe tare. To, mutanen nan shiru suke saurare, ko tari ba a so, sai an gama a tafa. Amma mun je da maƙwabciyarmu Hajiya Zarah, 'yar zangon Kumasi, wadda ta ɗauki Fa'iz kamar jikanta. Ba mu ankara ba sai muka ji ta rangaɗa guɗa, ta tattare zane ta haye dandamali, ta zaro kuɗi daga jaka ta fara liƙa masa. Takardun kuɗin nan kuwa na roba ne, ba sa kama goshi. Tana mannawa suna zamewa, tana sunkuyawa tana ɗauka tana mitar wai kuɗin Bature ma taurin kai gare shi. Mai gadi ya taso a guje, a zatonsa rigima ce.

Nan bidiyonka ya tsaya, Yaya, saura kuwa shi ne labarin. Madam Delphine ta tare mai gadin da sandarta, ta tambayi Fa'iz me ake yi masa. Ya karɓi lasifika, cikin natsuwar da ban san yana da ita ba, ya ce a wajenmu in mutum ya taɓa maka zuciya ba ka jira sai ya gama kafin ka nuna masa. Tsohuwar ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ta tsufa tana waƙa, an ba ta furanni da lambobin yabo, amma ba wanda ya taɓa sa mata kuɗi a goshi, to ita me ta yi aka ware ta? Ta miƙa wa Hajiya goshinta. Hajiya ta ce ai da ma ita ce ta gaba, ta yi haƙuri a bi layi. Kafin ka ce me, Turawa da 'yan Jamaika sun yi sahu suna koyon liƙi. Fa'iz da kansa ya tsince abin da ya zuba, ya juye a bokitin gyaran rufi. Ko kwabo bai shiga aljihunsa ba.

Ranar da ya ji saƙonka bai yi musu ba. Ya zo ya durƙusa, ya ce, Goggo, ga gitar nan in riƙe masa, ba zai ƙara taɓa ta ba sai da izinin Abbansa. Madam Delphine ta aiko tana so ya sake raka ta a wani wasan, ya mayar mata cewa ba shi ke da wannan maganar ba. Abin da kawai ya roƙe ni in roƙar masa shi ne kada a raba shi da karatunsa da yaran da yake koyarwa.

Don haka ga roƙona. Maganar kiɗa tana hannunka, yadda ka yanke haka za mu bi, ni da shi. Amma ka bar shi ya dawo ya ƙarasa karatu. Na tura cikakken bidiyon ta wayar Anti Hanifa, ka kalla har ƙarshe, sannan ka kira shi da kanka. Tun ranar nan wayarsa ba ta barin hannunsa, ko wanka zai shiga sai ya ba Afrah ta riƙe masa, wai ko Abba zai kira. Ni dai zuciyata tana ba ni alheri, domin na san yayana.

Ka gaishe mini da Anti Hanifa, da Baffa Sualihu, da Umar Faruq da amaryarsa, da 'yar lelena Ameera. Abban Rayyan yana miƙa gaisuwa. Hajiya Zarah ma ta ce in gaishe ka, wai in akwai mai laifi ita ce, kuma ta shirya karɓar faɗanta.

Allah Ya bar zumunci, Ya shirya mana zuri'a.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Luba.